Rusiate Ya Zo Sayen Saiwar Ban Haƙuri

"Lafiya lau, Torika. Ya kasuwa?"

"Kasuwa sai godiya. A'a! Jama'a, ku matsa, ku ba sarkin mawaƙa hanya!"

Rusiate ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ƙaton mutum, direban tasi, ga tumbi ga furfura, amma yau sai ga shi a benen kasuwar Suva yana raɓe-raɓe kamar kazar da ruwa ya daka. Torika 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa. Tun suna yara, abin da ɗayansu ya gani a hannun ɗaya ɗauka yake, ba mai cewa uffan. Saiwar yangona take sayarwa, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a zaman al'ada, ita kuwa ya zo saye, don ba a zuwa ban haƙuri gidan manya ba tare da ita ba.

"Rage murya, don Allah. Ɗauri ɗaya nake so."

"Na me? Naɗin sarauta za a yi maka?"

"Baƙo na yi."

"Baƙo! Baƙon ne ya sa ka aske gemu, ka ɗauro zanen maza na zuwa coci ranar Laraba?"

Abin da ya faru kuwa har masu sayar da rogo sun sani. Bubu Salanieta, wata tsohuwa a ƙauyen mijin Torika, ta tsara wa mijinta waƙa bayan teku ta tafi da shi. Ta yarda Torika ta ɗauka a waya don 'ya'yan tsohuwar da ke Ostiraliya su ji, iyakarta ke nan. Torika ta sa a zauren dangi na Fesbuk. Rusiate ya gani, ya kwafe, ya yanke farkon inda tsohuwar ke faɗin sunanta da na mijinta, ya liƙa hotonsa jingine da tasi, ya baza wa duniya. Samari suka ƙara mata kiɗa. Ranar da tsohuwar ta shiga bas za ta asibiti, sai ta ji makokin mijinta a lasifika, yara suna ta rausaya a kujeru. Ba ta kai asibitin ba, a hanya ta sauka.

"Ni fa ban ce ni na rera ba," in ji Rusiate, idonsa a kan tabarma.

"Ai ko kurma ya san ba kai ba ne. Kai da in ka ɗaga murya a coci jarirai ke farkawa da kuka! Me ka rubuta a ƙasan hoton?"

"Na manta."

"Ni ban manta ba, jikata ta karanta min. 'Daga zuciyata zuwa taku.' Zuciyar tana ina? Na duba hoton, tumbi kawai na gani."

"Mutane ne suka ɗauka ni na tsara."

"Da suka yi ta yabonka, ka ce musu a'a?"

Ya sosa ƙeya. Bai ce ba. Har godiya ya riƙa yi musu ɗaya bayan ɗaya.

"To ai a wurinki na gani, Torika. Kayan taubashi kuwa ɗauka ake. Bara kin tafi da rediyona, na yi magana?"

"Rediyon naka ne, shi ya sa na ɗauka. Waƙar tawa ce? Ni teku ta yi wa rashi? Nawa mijin yana can gida yana minshari, ko teku ba ta son shi."

Mai sayar da taba a gefe ta ƙyalƙyale. Rusiate ya ƙara sunkuyawa.

"Na goge ta tun shekaranjiya."

"Ka goge taka. Ta cikin bas fa?"

Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu, sannan ya ce a hankali, "Yayana ya ce ba zai raka ni ba. Kowa na nema sai ya ce yana da uzuri. Ki raka ni, Torika. Ni kaɗai ba zan iya haɗa ido da ita ba."

Torika ta daina dariya.

"Ni ta ba amana, Rusiate. Ranar Lahadi na gaishe ta, ta dube ni, ta wuce. Tun ranar bas ɗin nan ba wanda ya sake jin ta tana waƙa, ko a wurin saƙar tabarma."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, amma za ka sani. Za ka zauna a ƙasa a gabanta. In ta ce a maida waƙar, a maida ta cikakkiya, da sunanta da na mijinta, ba hoton tasi. In ta ce a'a, shi ke nan. Ko ta ce me, sai ka fito a shafin nan naka ka faɗa da bakinka cewa ba taka ba ce, ɗauka ka yi ba ka tambaya ba."

"A gaban kowa?"

"Da ake tafa maka a ɗaki aka yi?"

"Na yarda."

Ta zaro ɗauri mafi girma daga ƙasan tebur, wanda ta riga ta naɗe ta ɗaure tun safe, ta ɗora masa a hannu. Ya laluba aljihu, ta buge hannun.

"Bar kuɗinka. Ni ma da rabona a kunyar nan."

Sai ta kai hannu aljihun rigarsa ta zare wayarsa, ta juya ta gaba da baya.

"Wannan taka ce?"

"Tawa ce mana."

"Ka tabbata? Ba ta wata tsohuwa ba ce?"

"Da gumina na saya!"

"Yauwa. To irin wannan ake ɗauka." Ta jefa ta cikin jakarta. "Sai mun dawo daga ƙauye na ara maka ka yi bayanin."

Sai dariya ta ƙwace wa Rusiate, ta farko tun da abin ya faru. Ya rungume saiwar a ƙirji.

"Cajarta tana mota."

"Ita ma tawa ce. Wuce mu tafi, sarkin mawaƙa. Kuma kada ka kuskura ka kunna rediyo a hanya."