Yadda Ake Buɗe Magudanar Banɗakin da Aka Hana Ki Shiga

'Yar'uwa, in banɗakin da aka ce kada ki taka ya toshe, kuma gashin kanki ne ya toshe shi, kwantar da hankalinki. Ga hanya, kuma na ba ki tabbacin tana aiki, domin an gwada ta a kan mutum ɗaya, Aina'u matar Tahir, kuma har yau tana ɗakinta.

Mataki na ɗaya: Samo banɗakin da ba naki ba

Yaya Sabiru, wan mijin Aina'u, a Rijiyar Zaki yake zaune. Shi ya gina banɗaki mai tayil da shawa a gidansu na ƙauye, saboda matarsa Khaulat ba ta iya wankan bokiti ba. Da zai koma, ya damƙa wa mahaifiyarsu Inna makulli ya ce, "A bar shi a kulle, Inna, mutanen nan ɓata shi za su yi." Mutanen nan, wato ke.

Inna ta ɓoye makullin a ƙarƙashin kwalla. Aina'u ce mai share ɗakin Inna. Duk ranar da Inna ta tafi barka, maza suna gona, sai ta shige ta murɗa famfo, ruwa ya zubo mata daga sama kamar matar gwamna. Har tsifar kai a ciki take yi.

Mataki na biyu: Yi kamar ba ki gani ba

Ran da ruwa ya fara tsayawa a idon sawunki, ki ce sanyi ne ya kama bututun. Masana sun tabbatar cewa matsalar da aka kawar wa kai takan ji kunya ta tafi da kanta. Ki ci gaba da kawar da kai har ranar da za ki ji Inna tana waya a tsakar gida: "To, Sabiru, sai kun iso. Allah ya kawo ku lafiya." A nan ne Aina'u ta zauna ta yi lissafi. In Khaulat ta tsoma ƙafa a wannan tafkin, Yaya Sabiru zai kira mai gyara, mai gyara zai zaro gashi a gaban Baba mijin Inna, Aina'u kuwa ko tari ba ta iya yi a gaban Baba.

Mataki na uku: Kwance murfin da kayan aikin ƙwararru

Jira Inna ta shiga maƙwabta aron turmi. Murfin magudanar ɗan faifan ƙarfe ne mai huji-huji, an ɗaure shi da noti. Sukundireba yana jikin mashin, mashin kuma Tahir ya tafi da shi kasuwar Ɗanbatta. Madalla. Ɗauko wuƙar yanka albasa. In bakinta ya karye, kamar yadda na Aina'u ya yi, koma kan gindin cokali.

Noti ɗaya zai faɗa cikin ramin. Kada ki bi shi. Ya riga ki samun mafita.

Mataki na huɗu: Zaro abin kunyarki

Lanƙwasa guntun wayar shanya, ki zura, ki juya, ki jawo a hankali. Abin da zai biyo baya zai yi kama da ɓeran da ya mutu tun damina, warinsa ma haka. Kada ki toshe hanci. Naki ne, ke kika raine shi da man kitso da sabulun salo. Magudanar za ta yi gyatsa, ruwa ya wuce, ki ji kamar an yi miki albishir da kujerar Makka.

Mataki na biyar: Manta da rufe ƙofa

Wannan matakin Aina'u ta fi ƙwarewa a kai. Tana tsugune, waya a hannu, ƙazanta na lilo, sai haske ya ragu. Inna ce tsaye a bakin ƙofa.

"Wa ya ba ki makulli?"

Aina'u ta ƙura wa tayil ido kamar za ta haddace shi.

"Ba magana nake miki ba? Ɗago abin nan mu gani."

Ta ɗago. Inna ta sunkuyo, ita ma Aina'u ta saci kallo, sai a lokacin ta lura: rabin dunƙulen fari ne fat. Furfura ce, doguwa, irin ta mata. Baba kuwa kansa ƙwal yake, ko wanzami ya daina wahalar da kansa.

Inna ta gyara ɗaurin kallabi, ta ja shi har goshi.

"Ikon Allah," in ji ta. "Dama banɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, mutanen ɓoye ne ke tarewa a ciki."

"Haka ne, Inna," Aina'u ta ce ƙasa-ƙasa. "Da alama har da dattijuwa a cikinsu."

"Ke, rufe min baki! Maza je ki binne shi a bayan rumbu."

Mataki na shida: Bar manya su yi bayani

Mayar da murfin da notin da ya rage. Da baƙi suka iso, Khaulat ta leƙa ta ce, "Inna, wa ya taɓa murfin nan?" Inna ta zaunar da ita, ta ba ta labarin mutanen ɓoye tiryan-tiryan, har da kukan da suke yi a cikin bututu. Khaulat ta nemi bokiti. Yaya Sabiru ya ce camfi ne, amma shi ma da bokitin aka gan shi.

Da za su tafi, Inna ta ce masa, "Ka ga, dole a riƙa shiga ana sakin ruwa, kada su sake tarewa. Ni zan ɗauki safiya. Yarinyar nan, ko ba ta so, ta ɗauki hantsi."

"Wallahi kun taimake ni," in ji Yaya Sabiru.

Gargaɗi

Wannan hanya tana aiki ne kawai in surukarki ta riga ki ɗanɗana shawa. In kika zaro gashi kika ga baƙi ne wuluk tun daga farko har ƙarshe, babu ruwana, babu ruwan Aina'u. Kada ki ambaci sunana, kada ki aiko gidanmu. Ni ko hanyar banɗakin ban sani ba.