Rasuwar Kwamfutar da Ke Riƙe da Muryar Bashira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da tsufa bai rage ba, ni Malam Abbas Shehu na Ƙofar Kaura, tsohon malamin tarihi, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidana. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, tana tsakiyar buɗe fayil.

Marigayiyar ta hannu ce. Na samo ta a wani shago a Ƙofar Kwaya, wanda ba zan ambaci sunansa ba don kada ya samu talla. Mai shagon ya ce in ɗaga in ji nauyi, kamar buhun gero nake saye. Ya yabi faɗin allonta. Bai ce komai ba game da RAM, wato wurin da take riƙe aikin da ke gabanta. Giga biyu ne kacal.

Ta yi rayuwar haƙuri, ta kuma koya wa kowa. In ka kunna ta, kana iya yin alwala, ka yi nafila, ka dawo ka tarar tana tunani. Ba ta taɓa haɗa aiki biyu ba.

Ga asalin ciwon ajalinta. Matata, Hajiya Bashira, Allah ya jiƙanta, ta saƙa mata mayafin ulu, kamar yadda ake yi wa talabijin a kowane gidan mutunci. Tana raye, takan yaye shi in za a kunna. Ranar da ta kwanta asibiti ta bar shi a kai, kuma abin da hannunta ya ɗora ba nawa ne zai cire ba. Siddiq mai gyara ya ce ulun ya toshe kafofin iska, zafi ya dafa cikinta a hankali. Fankarta ta yi ta huuu, huuu. Daga baya faifan ajiyarta ya koma ƙas, ƙas, ƙas. Sai shiru.

Ta bar allo, da kibod mai gogaggun haruffa, da firinta wadda ba ta taɓa yi mata biyayya ba, da ni.

Ta kuma tafi da amana. Ɗiyarmu Zara ta taɓa ɗaukar muryar mahaifiyarta a waya, sau ɗaya tana yi wa jikoki tatsuniya, sau ɗaya tana yi mini faɗa kan littattafan da na jibge a gado. Ta zuba su a kwamfutar. Wayar ta ɓace a wani biki. Babu muryar Bashira a ko'ina a duniya sai cikin wannan faifan.

Maimakon addu'a, wadda ba ta da amfani ga ƙarfe, ga wasiyya ga mai niyyar saye. Kada ka duba nauyi ko ƙyalli. Tambayi RAM, in bai kai giga takwas ba, yi sallama ka fita. Nemi ajiya irin ta SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa balle ta yi maka ƙas, ƙas. Tambayi shekarun furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, kamar yadda za ka duba haƙoran doki. Sayi UPS, batirin da zai riƙe ta na ɗan lokaci, don masu wuta ba sa sallama in za su ɗauke. Bar ta ta sha iska. Abin da ba za ka iya rasawa ba kuwa, ajiye shi wuri biyu. Na karanta tarihin ɗakunan karatu da suka ƙone, na koyar da shi, bai hana ni komai ba.

Za a miƙa gawar ga 'yan gwangwan ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gidana. Ba za a yi zaman makoki ba. Masu cewa in sayi sabuwa su huta a gida. Faifan ajiyar kaɗai ba za a fitar da shi ba. Siddiq ya ce ya fi ƙarfinsa. Duk wanda ya san mai iya ciro abin da ke cikin mataccen faifai, a Katsina ko Kano ko Kaduna, don Allah ya zo kafin jana'izar, ko bayanta, kowane lokaci ne. Jiya na zauna ina son in tuna yadda take cewa "Malam", sai muryar Zara nake ji.