Zogalen Mama da 'yan yayen Friday

"…ina kuma gajiya, baiwata?" in ji Friday, yana turo baro cikin gidana a unguwar Romi ba ko sallama.

Ɗan kawuna ne, taubashina, shi ya sa bai sha muciya ba. A cikin baron, 'ya'yan alade biyar ne kwance, duk sun rame.

"Baiwarka tana gidan ubanka. Wannan wari fa?"

"Baƙi na kawo miki. Sati guda da yaye su, zawo ya kashe biyu. Malamin dabbobi ya ce in shanya zogale a inuwa, in daka, in riƙa barbaɗa musu a dusa, ko cikinsu ya tsaya."

Sai na ga inda idonsa yake. Bishiyar zogalen da Mama ta dasa ce. Tun rasuwarta, shekara uku ke nan, ko na miya ban tsinka ba.

"Taɓa ganye ɗaya ka ga yadda ake yanka ƙaton alade ba Kirsimeti ba. Zogale ya ƙare a kasuwa ne?"

"Hephzibah, a ina ake yaye in ba gidan gwaggo ba? Ni a nan aka yaye ni."

"Na tuna. Wata guda muna wankin zanin gado. Mama ta yi ta ɗura maka kunu da garin zogale, kana ihu kamar waɗannan."

"Ga shi na yi ƙiba."

"Tumbi dai. Hankalin ne bai kama ba."

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni ban bari ba, har jikoki na kawo wa Gwaggo."

"Uwata ce kakar aladu?"

"Wa ta taɓa kora da yunwa?"

Na ɗaga kai. Bishiyar ta zanƙale ta wuce rufin kwano, ganyen duk yana can sama, na ƙasa ya kaɗe. Mama duk damina sai ta sare mata kai don ta yi rassa. Ni da nake gadinta, ni ce na bar ta ta lalace.

Na miƙa masa adda.

"Sare daidai kafaɗarka. Wanda ya fi zawo cikin aladun nan kuma, sunansa Friday."

Ya yi dariya har baron ya girgiza. "Na yarda. Mai bakin nan da ta ƙi yin shiru fa, kin san sunanta."