Rasuwar Dattijo Mai Silinda Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farce mai cike da baƙin mai, nake sanar da dangi, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa taya mu turi a hanya, rasuwar Dattijo, injin babbar motar da na gada daga mahaifina. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar hawan da ke bayan kasuwar katako, da lodin siminti a bayansa. Bai yi doguwar jinya ba. Ya ce ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya yi wani tari da ban taɓa jin irinsa ba, ya yi shiru.

Marigayin mai silinda takwas ne, huɗu ta nan huɗu ta can, irin wanda ake kira V saboda yadda ya buɗe kafaɗu. Ba ya tashi sai da lallashi. Sai ya yi rurr, rurr, kamar an tashe shi daga barci mai daɗi, sannan ya kama gurnaninsa, gum-gum-gum, wanda maƙwabta suka gaji da kawo ƙara a kai, suka koma tashin yaransu makaranta da shi. Fetur kam yana sha, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Amma bai taɓa ganin lodi ya ja da baya ba.

Kafin Baba ya bar duniya ya riƙe hannuna ya ce, “Kome za ka sayar ka sayar, amma kada ka canja min injin nan. Shi ya ciyar da ku.” Na kuwa riƙe amana. Duk mai cewa na canja inji, ya zo ya faɗa a gabana. Kaya kawai nake canjawa.

Allah ya yi Dattijo ɗan dangi ne. Masana'anta ɗaya ta haife su da yawa, wasu aka ba su manyan motoci su yi dako, wasu aka sa su a ƙananan motoci suna yawon shan iska. Notinsu ɗaya, ramukansu ɗaya, na wannan yana zama a jikin wancan ba gardama. Da famfon ruwa ya gaza, Kawu ya ba mu na tsohuwar motarsa da kaji ke kwana a ciki. Kan inji na dama daga wata motar ɗaukar marasa lafiya ya zo, na hagu kuma daga wata da ta yi jayayya da bishiya. Fistin-fistin, masu hawa da sauka a cikin silinda, na maƙwabcinmu mai walda ne. Kafireto, mai haɗa fetur da iska, na ƙanina ne, aro ya ba ni tun bai yi aure ba, yanzu ga shi da 'yar da ta isa aike.

Bara gangar jikin injin kanta ta tsage. Mai gareji ya samo mana ta wata ƙaramar mota 'yar dangi, aka kwashe kayan aka mayar ciki, kome ya zauna daram. Ranar matata ta tsaya a ƙofa da tsintsiya ta ce, “To maigida, yanzu me ya rage na Baba?” Na ce mata mutum ba ya zama wani don ya sa haƙorin roba. Ta ce haka ne, ta ci gaba da shara, irin “haka ne” ɗin nan da ke hana mutum cin abincin rana.

Marigayin ya rasu ya bar ni, da matata, da akwatin mota mai tayoyi shida marar abin ja. Ya kuma bar 'yan'uwa masu rai a motocin dangi, waɗanda masu su suka fara zuwa gaisuwa tun kafin ya huce. Ban taɓa ganin masu ta'aziyya da sifana a aljihu ba sai a wannan rashi. Ƙanina ya rungume ni, idonsa jawur, ya ce, “Sai haƙuri, Yaya. Kafireton dai bai ji ciwo ba ko?”

Jiya aka buɗe shi. Mai gareji ya shimfiɗa tamfol ya jera kayan, na roƙe shi ya ware min duk abin da yake na Baba, in kai gida in ajiye, in san ban tashi a tutar babu ba. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya juya wancan ya kira sunan mai shi. Da kayan kan tamfol suka ƙare, sai ya miƙo min sandar duba mai, wadda Baba ya naɗe mariƙinta da jar waya.

Ya ce, “Maigida, wannan kaɗai. Kuma ka yi haƙuri, ita ta kashe shi.”

Ya nuna min. Bututun da sandar ke shiga ya zo ne tare da sabuwar gangar jiki, kuma ya fi na da gajarta da kamar yatsa uku. Sandar Baba doguwa ce, sai ta riƙa nitsewa fiye da ƙima, tana taɓo mai a can ƙasa ta fito tana cewa a cike yake. Kullum da safe nakan zare ta, in goge, in mayar, in duba, in gode wa Allah. Ashe Dattijo da ƙishirwa yake dako, har hawan nan ya ƙarasa shi.

Na ce masa Baba bai taɓa yi min ƙarya ba. Ya ce sandar ma ba ƙarya ta yi ba, labarin wani inji take bayarwa, wanda ya daɗe da barin motar nan. Wannan magana ta yi min ciwo fiye da mutuwar, don ban san ranar da wancan ya tafi ba, balle in yi masa kuka.

Za a yi sallama da marigayin ranar Asabar da safe a gareji. Kawu zai karɓi famfonsa, mai walda fistin ɗin da suka tsira, ƙanina kafiretonsa, ana kuma roƙon kowa ya zo da buhunsa, kada a yi rububi a gaban mamaci. Abin da ya rage mai sayen tsohon ƙarfe zai kai shi makwancinsa.

Masu tambayar sandar su huta. An gwada, ba ta dace da injin kowa ba. Tana wurina, na naɗe ta a tsumma, man yana nan daidai kan layin da ke cewa a cike, kuma ban goge ba.