Katin Tsaka-tsaki da Idon Kaka Takawa

"Lahiya lau, angona. Ina gajiyar yawon banza?"

"Gajiya ta bi lahiya, tsohuwa. Ashe kina nan? Ni da na baro Yamai da shirin cin gumbarki."

"Sai na ci taka tukuna."

Haka kakata Takawa ta tarbe ni ran da na dawo, ƙarshen damanar 1999. Lokacin ina aiki a biro, wato ofishin asibitin mishan, ita kuwa babana ne ya ɗauko ta daga Garhanga aka cire mata yanar ido. An yi na dama ya yi kyau, saura na hagu, sai ta ce atafau ba ta sake kwanciya gaban wuƙar likita. Ta ƙulle kayanta tana jiran motar ranar kasuwa. Babana ya lallashe ta, fasto ya zo, har limamin unguwa aka kira mata tunda ita salla take yi. Duk ta ce musu gero na jiranta a gona. Kowa ya san tsoro ne, amma ba mai bakin faɗa mata sai jika.

Na zauna bakin tabarmarta na fito da ordinatar, wato kwamfuta, irin wadda ake ninkewa a sa a jaka. Tsohuwar ordinatar tawa na bayar a Yamai na yi ciko aka ba ni wannan, saboda sabon katin hoto da ke cikinta, wanda shi ke zana wasanni a kan gilashi. Ta shafa murfin, ta sunsuna.

"Wanga baƙin faifai ka sayo ma amaryarka? Ba atamfa, ba goro?"

Na yi mata bayani cewa katin iri uku ne. Akwai babba, sai 'ya'yan manya. Akwai ƙarami, wanda in ka kunna wasan mota sai ka ga kamar akwati na rarrafe. Sai wannan da ya fito bana, tsaka-tsaki, ba ya cin aljihu kuma ba ya kunyata mai shi.

"Jemage ke nan," ta ce. "Ba shi cikin tsuntsaye, ba shi cikin dabbobi. Ai ya dace da kai, ba ka likita, ba ka mai shara."

"Daidai ruwa daidai tsaki. Ke ma tsaka-tsakin ce yanzu, ba ki cikin makahi, ba ki cikin masu ido."

"A garin makahi mai ido guda shi ne sarki."

"To nan ba Garhanga ba ne."

Ta laluba sandarta, na matsa.

Da na kunna, jar mota ta fito a kan hanya mai hawa da gangara tsakanin duwatsu, ƙura na tashi bayanta. Kaka ta kawo fuska kusa. Can ta ce wannan ai gangaren Buza ne. Na ce ƙasar Turawa ce, ta ce Turawan sun sato. Daga nan ta shiga labarin kakana Arzika, wanda ya rasu ina goye. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana kwasar albasa daga Tamaske ya bi ta Keita da Buza ya sauke a Madawa. Tana amarya ya taɓa sa ta gaban mota, mutanen garinsu suka fito kallo har da masu goyo. Ta ce warin albasa bai bar zanenta ba sai da aka yi girbi, kuma ba ta so ya bari ba.

"Ni da kake gani na tuƙa kamyo tun ubanka bai san wando ba."

"Kin dai taɓa sitiyari, Arzika na riƙe da ke da sitiyarin."

"Miƙo nan, ɗan banza. Da tsohuwar zuma ake magani."

Na ɗora mata a cinya, na nuna mata maɓalli biyu, wannan dama, wannan hagu. Abin mamaki, kwanar dama ta sha ta sumul, tana wa motar tsawa kamar jaki. Sai wata shuɗiyar mota ta ɓullo ta hagu ta banke ta, ta faɗa rami. Na maido ta kan hanya. Ba a jima ba ta sake faɗawa, ta hagun dai. Na ukun dutse ta runguma.

"Katinka ba shi zana hagu," ta ce. "Rowa ta sa ka sayo rabin hanya."

"Kati ya zana duka, Kaka. Mai kallon ce ta zo da rabi."

Na zaci za ta rama. Sai ta sa tafin hannu ta rufe idon dama, ta buɗe, ta sake rufewa. Sannan ta faɗa mini abin da ba ta faɗa wa babana ba. Innarta ma yanar ido ta yi mata, wani mai magani ya soke ido ɗaya ta ɗan gani, da ya koma ga na biyu sai duka suka mutu. Kaka ce ta ja mata sanda har ta bar duniya.

Na ce wancan tsinke ne, wannan likita ne, kuma ranar zan shiga tare da ita in riƙe mata hannu.

"Da wane hannun? Wanga mai laushi da bai san hauya ba?"

"Shi ne dai. In kin ƙi, in sake ki in auri mai ido biyu."

Ta kwashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Ta jawo ƙullin kayanta ta kwance da kanta, ta zaro cukun da ta saya tsarabar gida ta jefo mini a ƙirji.

"Ci, mayunwaci. Ka gaya ma ubanka motar kasuwa ta tahi ba ni. Amma kada ka ce ka kada ni, ramin ne ya kada ni." Ta gyara zama, ta ɗora yatsa kan maɓalli. "Maido min jar motar bisa hanya. Matar Arzika ba ta kwana cikin rami."