Jatau da Sahun Baya

A Dajin Kwarin Maje kowa ya san wanda zai cinye shi, kuma wannan shi mutanen wurin ke kira zaman lafiya. Zaki ne sarki, shi da 'ya'yan gidansa ke da farautar bakin ruwa tun kaka da kakanni. Kyarketai kuwa talakawan mafarauta ne, ba sarauta, ba kirari, sai ƙafa. Su tasa garke a gaba tun hantsi har wani ya gaji ya faɗi. Gwankaye su ne abin da ake rabawa, ba a kuwa taɓa jin an tambaye su ra'ayinsu ba.

Gwankaye suna da al'adarsu ta tafiya. Majiya ƙarfi a gaba, mata da ƙanana a tsakiya, tsofaffi da guragu a baya. Ba wanda ake korawa baya. Ranar da ka ji ƙafarka ta fara yi maka gardama, kai da kanka za ka ja da baya, a yi maka sannu, ka amsa. Kyarketai daga baya suke ɗauka. Kowa ya san haka, ba a dai faɗa.

Jatau ya shekara goma yana jan garken gwankaye. A ranin da muke magana gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, sai ya koma tsakiya da sunan kula da mata. 'Yarsa Shekara, wadda ita kaɗai ta rage masa, ta dube shi wata rana ta ce, "Baba, ɗingishi kake yi?"

Ya ce, "Ƙaya ce, za ta fita."

Ba ƙaya ba ce, shi ma ya sani. Tsoro ne ya cika masa ciki, tsoron sahun baya, inda shi da kansa ya raka ubansa ya yi masa sannu.

Ana cikin haka sai ga Dila, magatakardan majalisa, da saƙo. Sarki ya damu ƙwarai da yadda gwankaye ke raguwa, za a zauna a kan maganar, kuma karo na farko a tarihin daji an ware wa gwanki wurin zama. Garke ya ɗauki murna, aka tura Jatau.

A gindin wata tsohuwar tsamiya majalisa ke zama. Dokar wurin ita ce ba mai cin wani muddin yana cikin inuwa. To inuwar tsamiya raguwa take yi in rana ta take, manya kuma su ke zama jikin gindi, saboda haka masu cin ciyawa sun koyi taƙaita magana.

Ungulu, mai ƙidayar daji, ita ta fara. Ta ce daga sama ta ga gwankaye sun ragu, kyarketai sun ƙaru. Nawa ne nawa ne, ba ta faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Damisa, Sarkin Farauta, ya miƙe ya gyara murya. "Allah ya ba ka nasara. Farauta gadonmu ce, kuma tarbiyya ce. Jiya yariman gidanka ya yini a bakin ruwa, ya dawo da zomo. Zomo, ranka ya daɗe. Waɗannan 'yan gudun sun hana gwankaye sakat, sun mai da su ramammu masu firgita, ko ruwa ba sa tsayawa su sha a natse. Mu da muke ƙaunar gwanki ba za mu zuba ido a ƙarar da shi ba."

Aka ba Tabawa dama, uwar garken kyarketai, wata tsohuwa mai yagaggen kunne. Ba ta iya fadanci ba, abin da ya kashe ta ke nan.

Ta ce, "Muna cin su, ban musa ba. Mai tari muke ci, da mai ɗingishi, da wanda haƙoransa suka ƙare. Wanda ya fi mu gudu ya tafi abinsa. Shekarun baya da fari ya zo rabinmu ya mutu, ba a kira majalisa ba. Ku tambayi Ungulu ƙasusuwan wa take gani a bakin ruwa, na tsofaffi ne ko na samari."

Ungulu ta shiga gyaran fiffike kamar ba da ita ake ba.

Sai Zaki ya juyo da kansa a hankali ya ce, "A ji ta bakin wakilin gwankaye."

Jatau ya san gaskiya Tabawa ta faɗa. Ya san samari nawa suka sauka rafi a gabansa ba su dawo ba. Amma kalmar nan ta mai ɗingishi ta tsaya masa a rai, gwiwar kuma tana zugi kamar ta ji ana kiranta. Ya daure ya taka ta sosai don kada a gane.

"Ranka ya daɗe, ba don kaina nake magana ba, ni na ci zamanina. Don iyayenmu nake magana, waɗanda suka yi mana wahala, sakayyarsu ita ce a yayyaga su da rai muna ji muna gani. Gidan sarki in zai ɗauka, yakan ɗauka da mutunci, sara ɗaya. Waɗannan kuwa ba su san girman furfura ba. Muna roƙo a raba mu da su."

Maganar ta ratsa majalisa. Kura har da share hawaye. Tabawa ta dubi fuskar Jatau, ta dubi gwiwarsa ta hagu. Wannan kallon ya fi zagi yi masa ciwo.

Dila ya karanta hukunci. Ba za a ƙarar da kyarketai ba, domin majalisa ba ta zalunci, daidaita su za a yi. Kafin damina ta faɗi an daidaita su har sun koma guda shida, aka ba su wani tsauni can ƙarshen daji inda ko gafiya sai an yi sa'a.

Wannan damina gwankaye sun sha daɗi, ba a magana. Suka bar tudu suka tare a fadama, suna kiwo har su kwanta a inda suka ƙoshi. Aka daina sahu, don ba a zuwa ko'ina. Tsofaffi suka yi ta sa wa Jatau albarka, masu tari suka yi ta tarinsu cikin jama'a hankali kwance. Shekara ta yi ɓulɓul, fatarta na sheƙi, Jatau ya dube ta ya ce a ransa ai ko don wannan bai yi laifi ba. Ya daina ɓoye ɗingishi ma.

Da kaka ta yi aka sake kiran majalisa. Ungulu ta ce gwankaye sun ƙaru ƙwarai, har ciyawar fadama ta fara kasawa. Damisa ya ce wannan nasarar sarki ce, amma nasara tana zuwa da nauyi, in ba a rage garke ba yunwa za ta kashe shi, kuma masoyan gwanki ba za su yarda da haka ba. Rabon da kyarketai ke ci a da, yanzu ya dawo hannun majalisa.

Dila ya ɗora da cewa zamanin guje-guje da tayar da hankali ya wuce, komai da tsari za a yi. Duk kwana bakwai wakilin gwankaye zai kawo suna ɗaya, mai sunan ya sauka rafi da hantsi shi kaɗai. Sharaɗi guda ne, ya kasance lafiyayye mai jiki, don ba a kai rama gidan sarki.

Jatau ya buɗe baki, ya ga inuwa ta kusa barin ƙafarsa ta baya. Ya ce, "Godiya muke, ranka ya daɗe."

Da ya kai labari gida, wani saurayi ya ce a gudu a koma tudu. Aka gwada. Kafin a kai rabin hanya kowa na haki, ƙananan da aka haifa a fadama ba su ma san me ake nufi da sahu ba, ga 'ya'yan sarki kwance a kan hanya suna gaishe su da ladabi. Aka juyo.

Haka Jatau ya fara kai sunaye. Garke ya yanke a riƙa yi gida-gida don kada a ce ya yi son kai. Ya kai ɗan maƙwabcinsa, ya kai jikan aminin ubansa. Tsofaffin da suka sa masa albarka suna nan daram, su ke binne maganar 'ya'yansu a ciki, in sun hango shi su kau da kai. Samarin da ke jan garke suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, aka shiga 'yan mata. Ana nan ana nan har layi ya zo gidansa, gidan da ba kowa sai shi da Shekara.

Ta ce, "Baba, na san gobe mu ne."

Ya ce, "Ci kiwonki. Ni na san sunan da zan kai."

Da sassafe ya ja ƙafa zuwa tsamiya. Abin mamaki, tsoron nan da ya shekara yana cin sa babu shi, sai ma wani sauƙi da ya ji a ƙirji. Ya durƙusa a gaban Zaki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sunan wannan mako Jatau."

Dila ya ɗaga kai, Damisa ya yi murmushi. Zaki ya dubi ƙashin haƙarƙarinsa da gwiwar da ta kumbura, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Haba dattijo. Kai da bakinka ka roƙe mu a nan a daina taɓa furfura, muka amsa maka, har muka zubar da jini a kan haka. Yanzu kuma mu karya alkawari? Wannan majalisa ba ta cin tsofaffi. Kai namu ne, muna bukatar shawararka shekaru masu yawa."

"Ranka ya daɗe, ita kaɗai gare ni."

"Mun sani. Ungulu ta ce ta yi kyau ƙwarai."

Dila ya matso ya rage murya, kamar mai yi masa alfarma. "Baba Jatau, tsari ne, sai wakili ya faɗi sunan da bakinsa. Ka taimaka, rana na yi, yara ba su karya ba."

Jatau ya faɗi sunan 'yarsa. Aka yi masa godiya, aka sa Kura ta raka shi har fadama saboda ƙafarsa, kada wani abu ya same shi a hanya.