Ranar da Aka Killace Ni da Goɗiya

Makona na farko ina shugabancin wata barga a gefen Dubai, inda masu hali ke ajiye dawakinsu, na tara ma'aikata na kafa doka. Duk sabon dokin da aka kawo a kulle shi, kada a buɗe sai likitan dabbobi ya duba shi.

Na ce, "Ko ni na roƙe ku, kada ku buɗe. Wanda ya buɗe, khalas, ya haɗa kayansa!"

Don su gani da idonsu, na shiga ɗakin wata sabuwar goɗiya, na ce Iliya mai ba dawaki abinci ya ja sakata. Ya ja.

"To, Iliya, buɗe."

"Haba Oga, gwada ni kake yi. Ina da iyali."

Na rantse, na yi magiya, har Larabci na yi masa. Likita kuwa ya maƙale a cunkoson Jebel Ali. Goɗiyar ta tauna hulata, ta koma kan aljihuna. Can Iliya ya miƙo karas biyu ta taga, ɗaya nata ɗaya nawa.

Da likitan ya iso, ita ya fara dubawa.

Har yau in na shigo barga sai wani ya tambaya, "Oga, likita ya sallame ka kuwa?"